Shari'ar Bayan Kallo: Finafinan Laifi da Masu Kallonsu a Birnin Kudu da Gwaram

Kallon fim mai dogon zango a kudancin Jigawa aiki biyu ne. Akwai kallon kansa, wanda da wuya ya wuce awa guda. Akwai kuma shari'ar da ke biyo baya, wadda takan ci mako guda cur a teburin mai shayi, da shagon cajin waya, da tashar 'yan acaɓa, da tsakar gida wajen tankaɗe da wanke-wanke. Shari'ar takan fi zafi idan abin da aka kalla ya ƙunshi laifi: kisa, ko satar mutum, ko daba, ko wawure dukiyar jama'a. A wurin wannan musu ne ake gane abin da mutane ke nema a finafinan, kuma a ganina masu shiryawa da masu tacewa duka ba su ba shi kunnen da ya kamata ba.

Al'adar ba yau ta fara ba. Kafin 27 ga Agusta 1991, Birnin Kudu da Gwaram a cikin tsohuwar Jihar Kano suke, don haka abin da Kano ta kalla shi suka kalla, gwargwadon abin da eriya ta iya kamowa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe CTV a 1982, ga kuma NTA Kano. Dattawa har yau suna tuna Kuliya Manta Sabo, wasan da aka gina a kan zaman kotu, inda mai kallo kan yanke nasa hukuncin kafin alƙali ya buɗe baki. Akwatin talabijin a lokacin sai gidan wane da wane, saboda haka kallo ya tashi a matsayin abin taro, kuma inda aka taru dole a yi sharhi. Da finafinan bidiyo suka zo daga 1990, soyayya da waƙa suka cinye kasuwa. Mai son labarin ɓarawo da ɗan sanda sai ya koma wa finafinan Indiya da na Sin, daga baya kuma na Amurka irin su 24 da Prison Break. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ce ta dawo da wasan mako-mako da ƙarfinsa, ta Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. Zaman kullen korona na 2020 ya ƙarasa aikin. Kasuwar faifai ta riga ta mutu, masu shirya fim suka koma YouTube, aka samu Izzar So da Labarina da A Duniya da ire-irensu.

Yadda fim ke isowa hannun mutum yana da tasiri a kan yadda zai karɓe shi. Wutar lantarki ba ta da tabbas, data kuma da tsada, don haka da yawa ba sa kallo a daren da aka saki sabon kashi. Labarina ranar Juma'a yake fita, amma safiyar Asabar ce ranarsa a shagon caji. Ka leƙa irin wannan shago a bakin babban titin da ya ratsa Birnin Kudu: allon katako cike da soket, wayoyi jere kowace da 'yar takardar lamba a manne, ƙaramin janareto na kuka a waje, yaron shago a gaban tsohuwar kwamfuta yana karɓar memori yana turawa. Wanda ya riga ya kalla yana zaune a benci bakinsa na ƙaiƙayi, wanda bai kalla ba yana toshe kunne yana cewa don Allah kada a ba shi labari. Daga nan fim ɗin zai bi Xender daga waya zuwa waya, ya shiga gidajen aure ta hannun ƙanne da 'ya'ya, ya kai ƙauyukan Gwaram ranar kasuwar Sara. Kafin mutumin ƙarshe ya gani, an riga an kasu gida-gida a kan wane ne mai gaskiya. Shi ya sa ba wanda ke kallo shi kaɗai, ko da kuwa a ɗaka yake da abin saurare a kunne.

To, a kan me ake musun? Yawancin finafinan laifi na Turawa a kan tambaya ɗaya suke tsayawa, wato wa ya aikata. Ana ɓoye mai laifi, jami'in bincike ya bi sawu, a tona a ƙarshe. Namu galibi tun kashi na farko ake nuna maka mugun, ka san fuskarsa, ka san gidansa, ka ga lokacin da ya ba da umarni. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne jiran ranar da dubunsa za ta cika. Kwana Casa'in ya nuna haka sarai. Ba wanda ya buƙaci mai bincike kafin ya san halin Gwamna Bawa Maikada na jihar Alfawa, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, ko ya san inda Malam Adamu, wato Ado Ahmad Gidan Dabino, ya dosa. Mutanen wannan yanki kuwa ba baƙin siyasa ba ne. Birnin Kudu ce ta ba Jigawa gwamnanta farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, a 1992, daga Bamaina kuma Sule Lamido ya fito ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. Inda siyasa ta zama abincin yau da kullum haka, mai kallo ya san yadda ake ɗaukar yaro aikin jagaliya da yadda ake watsar da shi bayan zaɓe. Idan fim ya nuna daidai, za ka ji benci ya ɗauka da "wallahi haka ake yi". Idan ya kauce, nan take a ce marubucin bai taɓa zuwa rumfar zaɓe ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wurin da mai kallo ke ajiye fatansa. Da wuya ka ji ana jiran ɗan sanda ya warware magana. A finafinan kansu, ko dai ya iso bayan an gama ɓarna, ko kuma a nuna waya ɗaya daga wani babba ta sa an saki wanda aka kama. Masu kallo ba sa mamakin wannan, gyaɗa kai kawai suke yi. Fatansu yana kan ɗan jarida mai taurin kai, ko addu'ar uwar da aka zalunta, ko alhakin da suka yi imani ba ya barin mai shi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, wannan ita ce ƙa'idar da ake auna kowane zango da ita. Idan zango ya ƙare mugu na ta sheƙe ayarsa, fushin da ake yi na gaske ne. Mutumin da aka taɓa sace wa babur ko shanu, ya yi ta zirga-zirga har ya haƙura, ba nishaɗi kaɗai ya zo nema ba. Yana so ya ga wuri ɗaya, ko da a waya ne, inda gaskiya ta yi halinta.

Wannan imani yana da kyau, amma ya sa marubutanmu kasala. Tunda an san asiri zai tonu ko ta yaya, ba a wahalar da kai wajen tsara yadda zai tonu. Sai a sa wata ta laɓe a bayan ƙofa ta ji komai, ko a manta waya tana naɗar magana, ko mugu ya yi hatsari ya faɗi laifinsa a gadon asibiti. Ba a nuna yadda ake tara shaida, da yadda ake yi wa mutum tambayoyi, da yadda ƙara ke tafiya daga caji ofis zuwa gaban alƙali. Masu kallo kuma suna lura. Birnin Kudu gari ne mai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, cike da ma'aikatan jinya da ɗalibai. Su ne za su fara faɗa maka cewa ruwan da aka rataya wa majinyacin nan ba a haɗa shi da jijiya ba, likitan kuma ya ce rai ya yi halinsa ko bugun zuciya bai duba ba. Wanda ya taɓa zaman kotu zai ce ba a fara shari'ar kisa a gama ta a zama ɗaya. Ƙananan abubuwa ne, amma kowanne yana rage wa labarin nauyi.

Lokacin da aka gwada ɓoye mai laifi kuwa, an ga abin da masu kallo za su iya. Da aka sace Sumayya a Labarina na Aminu Saira, kowa ya zama mai bincike. Ana komawa tsofaffin kashi a sake kallo, ana auna maganar da wane ya yi da irin kallon da wance ta yi, ba wanda ya tsira daga zargi. Mutuwar Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, ta jawo wani irin ɓacin rai dabam, har wasu suka ce sun bar kallo. Abin ba namu ba ne mu kaɗai. Da Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893, masu karatu a Ingila sun matsa masa har ya dawo da shi bayan shekara goma. Bambancin shi ne namu ana ɗauka ne ana saki, don haka ƙorafin wannan wata yana iya juya labarin wata mai zuwa. Wani lokaci gyara ake samu. Sau da yawa kuma jan labari ake yi don an ga kasuwa, har mai kallo ya gaji da jiran hukuncin da aka yi masa alkawari.

Inda musu ya fi tsanani shi ne finafinan daba. A Duniya na Tijjani Asase, wanda Daddy Hikima da aka fi sani da Abale ya fito a cikinsa, misali ne. A benci ɗaya za ka ga an rabu biyu. Dattijo ya ce, "Kai yaro, wannan abin da kuke kallo ba tarbiyya a cikinsa." Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai wa'azi ne, ku jira ku ga ƙarshensu." Dattijon ya ce, "Kafin a kai ƙarshen, ƙanenka ya haddace tafiyarsu." Kowannensu da gaskiyarsa. Na ji yara 'yan firamare suna shaƙe murya suna kwaikwayon maganar 'yan daba, abin kuma bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ɗauki ɓangaren dattijon. A Satumbar 2021, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallahu, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana finafinan daba da na daudu. A Mayun 2025 ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda sakin su ba tare da an kawo an tace ba. Na yarda damuwar hukumar tana da tushe. Sai dai daba ta girmi bidiyo nesa ba kusa ba. Tun siyasar NEPU da NPC a shekarun 1950 ake amfani da 'yan banga a Kano, sara-suka kuma ta daɗe tana addabar Bauchi, wadda Gwaram ke iyaka da ita. Ikon hukumar ma a Kano ya tsaya, memorin da ke yawo a Basirka ko Kantoga bai san da wata doka ba. Hana nuna laifi gaba ɗaya yana nufin hana mutane wurin da suke tattauna abin da ke cin su a rai.

Matsalar da nake gani tana cikin yadda ake nunawa. Kyamara tana son ɗan daba. Shi ake yi wa kiɗa idan zai shigo, shi ake ba magana mai daɗin maimaitawa, shi ake nunawa kashi bayan kashi yana cin karensa ba babbaka, sannan a tattara nadamarsa a minti goma na ƙarshe. Wanda aka sara kuwa, da ya faɗi an gama da shi. Ba mu san sunansa ba, ba mu bi shi asibiti ba, ba mu ga wanda ya sayar da akuya don biyan kuɗin magani ba. A nan sharhin mata ya fi na maza zurfi. A tsakar gida ba a cika tsayawa kan wa ya fi wa ƙarfi ba. Tambayar da za ka ji ita ce, "To shi wannan yaron da aka kashe, ina uwarsa?" Wannan tambaya ta fi duk wata doka nuna inda gyara yake, domin yaron da ya kalli wannan uwa tsawon kashi uku da wuya ya fita yana sha'awar wuƙa.

Kirana ga marubuta da daraktoci shi ne su ba wanda aka zalunta fili daidai da na azzalumi, su zauna da lauyoyi da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti kafin su rubuta, su bar dogaro da laɓe a bayan ƙofa. Hukumar tacewa kuma ta auna yadda aka nuna laifi, maimakon ta hana ambatonsa. Duk wanda ke son sanin ko fim ɗinsa ya gyara ko ya ɓata, kada ya tsaya a kan abin da abokan sana'arsa na Kano za su faɗa masa. Ya hau mota ya zo Birnin Kudu ko Gwaram washegarin ranar da ya saki sabon kashi, ya saurari masu kallo da kunnensa.