Matsalar Jera Taƙaitattun Sunaye a Fihirisar Littafi

Duk wanda ya duba fihirisar littattafan da suka yi magana a kan masana'antun Sharaɗa da Calawa da Bompai zai ga taƙaitattun sunaye birjik, irin su MAN da KACCIMA da NEPA. Abin takaici shi ne, sau da yawa ba sa zama inda harafinsu na farko ya ajiye su. Dalili kuwa, idan aka buga suna da harufa masu kauri ko aka sa ɗigo tsakanin harufansa, kwamfuta takan bi alamar adon ne wajen jerawa, sai a ga N.E.P.A. ta sha gaban "Nasarawa". Maganin wannan shi ne mai shirya littafi ya ba kowane suna siffarsa marar ado domin jerawa.

Amma akwai wadda ta fi wannan wuya. NNPC, alal misali, kamfanin buga littattafai ne na Zariya, kuma kamfanin man fetur ne da aka kafa a 1977. A ganina, dole a raba su gida biyu, kowanne da cikakken sunansa. Haka nan Panshekara: mai karatun da ya saba da "Fanshekara" wajen F zai nufa, don haka sai a sa masa "duba Panshekara" a can.