4.3 Hoton Ma'aikatan Tiyata a Fim Ɗin Dry

A wannan sashe za a duba yadda fim ɗin Dry na Stephanie Linus, wanda aka nuna a Nijeriya a shekarar 2015, ya fito da ma'aikatan asibiti. Jigon fim ɗin shi ne auren wuri da cutar yoyon fitsari, ta hanyar labarin Halima, 'yar shekara 13 da aka aurar wa dattijo Sani.

Babu shakka an yi nasara wajen nuna ƙyamar da ake yi wa mai wannan lalura. Sai dai kuma an ɗora nauyin ceto gaba ɗaya a kan tauraruwa guda, wato Dokta Zara, sauran ma'aikata suka zama 'yan rakiya. Wannan ya saɓa wa zahiri, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A asibitin Babbar Ruga ta Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ya fara aikin yoyon fitsari tun shekarun 1980, aikin ya ɗore ne saboda likitoci da nas-nas da aka horar. Macen da aka ɗauko daga Farfaru ta kan iyakar Jibiya, rayuwarta tana hannun mai allurar kashe zafi, da nas mai ƙidaya kayan aiki, kamar yadda take hannun likita.

Haka kuma fim ɗin bai ba da muhimmanci ga saɓanin da ke tsakanin ma'aikatan su kansu ba. Takaddamar albashi da shugabanci tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar JOHESU sananniya ce, har JOHESU ta yi yajin aiki na kusan mako 6 a 2018. Inda raini ya shiga, nas kan ga kuskure ta yi shiru. Don magance irin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin sharuɗɗan tiyata a 2008, wanda ya ce kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka, a kuma ƙidaya allurai da auduga kafin a fitar da majiyyaci.

A taƙaice, da an ba metiron da nas-nas murya sosai, da mai kallo ya fahimci cewa warakar irin su Halima tana buƙatar jituwar ma'aikata kamar yadda take buƙatar ƙwararren likita.