Soyayya da tsoron bakin mutane a labaran Urdu

A labaran soyayya na harshen Urdu, wuya ne saurayi da budurwa su kasance su biyu kaɗai. Kullum akwai na uku a tsakaninsu, wato dangi da tsoron abin da mutane za su ce. Wasanni biyu na talabijin ɗin Pakistan sun isa misali.

Na farko shi ne Humsafar, littafin Farhat Ishtiaq, wanda tashar Hum TV ta mayar wasa a 2011. Auren zumunci ne aka ƙulla tsakanin Ashar, ɗan masu hali, da Khirad, ɗiyar gwaggonsa matalauciya. Da so ya fara kama su, sai uwar miji, Farida, ta ƙulla wa Khirad sharrin cin amanar aure, aka kore ta da ciki. Ƙarfin wasan shi ne yadda ya nuna cewa mutuncin mace abu ne da ƙazafi guda ke rushewa. Rauninsa kuwa, ya ɗora laifin duka bisa kan tsohuwa ɗaya. Ashar, wanda bai saurari matarsa ba, bai gaskata ta ba sai da ya karanta wasiƙarta bayan shekaru. Amma duk da haka aka yafe masa, Farida kuwa ta haukace. Ke nan an hukunta mutum, an ƙyale al'adar da ta ba ta wuƙar.

Na biyu, Zindagi Gulzar Hai na Umera Ahmed, da aka fara nunawa a 2012, ya fi zurfi. Mahaifin Kashaf ya juya wa uwarta baya, ya ƙara aure, don ƴaƴa mata kawai take haihuwa. Saboda haka rashin yardar Kashaf da Zaroon, ɗan attajirai, yana da tushe: ta ga abin da aure ya yi wa uwarta. Ta yi karatu, ta samu aikin gwamnati kafin ta amince da shi, kuma ko bayan aure gardama ba ta ƙare ba.

Bambancin a fili yake. A Humsafar haƙuri ne makamin mace, sakayyarta kuma tana hannun miji. A labarin Kashaf, ilimi da albashi ne suka ba ta bakin magana. Mai karatu ya auna: wanne daga cikinsu zai so ɗiyarsa ta koya?