Tufka da Warwarar Lokaci a Wasan Kwaikwayon Talabijin Mai Dogon Zango

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayon Hausa sun fi mayar da hankali ga jigo da salo da halayen taurari. Ba kasafai ake tsayawa a dubi yadda lokaci yake tafiya a cikin wasa ba, wataƙila saboda a da babu dalilin yin haka. Wannan maƙala za ta dubi tufka da warwarar da kan auku a lissafin shekaru idan wasa ya daɗe ana nuna shi. An ɗauki babban misali daga Star Trek, ƙagaggen labarin kimiyya na Amurka, domin a cikinsa matsalar ta fi fitowa fili. A namu adabin akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), amma littafi ne guda, ya fara ya ƙare, bai sami sararin saɓa wa kansa ba.

Masu kallon da aka yi la'akari da su su ne Hausawan Sabo ta Ibadan, unguwar fataken goro da shanu da aka keɓe a 1916, wadda Abner Cohen ya yi nazarinta (1969). A Ibadan aka buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya, wato WNTV, a 1959, shekara uku kafin ta Kaduna. Ke nan Hausawan Sabo sun riga na Arewa zama gari ɗaya da wannan na'ura.

2.0 Lokacin Tatsuniya da Lokacin Tarihi

Gizo kan halaka a wata tatsuniya, gobe da dare a same shi garau yana yi wa Ƙoƙi wayo. Babu yaron da ya taɓa tambayar kakarsa yadda aka yi haka, domin kowace tatsuniya da nata lokacin, da an ce ƙurunƙus an rufe shi. Wasannin talabijin na farko wannan tsari suka bi. Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi ya shafe shekaru masu yawa tun daga shekarun 1970, Samanja yana nan samanjansa, rigimar wannan mako ba ta bin ta makon jiya bashi. Haka Kuliya Manta Sabo: a kawo ƙara, a yanke hukunci, a tashi. Bugu da ƙari, wasa sau ɗaya yake wucewa a akwati, mai kallo ba shi da wata shaida sai abin da ya riƙe a ka.

Wasannin da suka biyo bayan buɗe Arewa24 a 2014, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in (2019), da kuma Labarina na Aminu Saira (2020), tsarin tarihi suka ɗauka. Abin da ya faru jiya shi ke haifar da na yau. Mai kallo a Sabo yana kama su ta tauraron ɗan'adam, kuma yana iya komawa YouTube a wayarsa ya gwada zango na ɗaya da na shida. Ga yaron da aka haifa a Ibadan, wanda Yarabanci ya kewaye shi, waɗannan wasanni suna cikin manyan tagogin da yake hango rayuwar Arewa, saboda haka kallonsa ba na wasa ba ne.

3.0 Misalin Star Trek

An fara nuna Star Trek a 1966. Mai ƙaga shi, Gene Roddenberry, ya yi dabarar kauce wa ambaton shekarar da matafiyansa suke ciki, sai ya ƙirƙiro wasu lambobi da ya kira kwanan watan taurari, waɗanda ba su dace da wata kalanda ba. Wato ya nemi ya zauna a lokacin tatsuniya. Amma a wani shiri na 1967 an shigo da wani azzalumi mai suna Khan, aka ce ya mallaki fiye da rubu'in duniya daga 1992 zuwa 1996, aka yi mummunan yaƙi, ya tsere a kumbo yana barci. A 1967 shekarar 1996 nesa take, ga alama marubutan ba su zaci wasan zai kai ta ba. Sai ga shi ya kai. A cikin 1996 ɗin kanta, reshen wasan da ake kira Voyager ya mayar da taurarinsa birnin Los Anjeles na 1996, aka ga mutane suna harkokinsu a bakin teku, babu alamar yaƙi. Sai a 2023 reshen Strange New Worlds ya nuna Khan yana ƙaramin yaro a Toronto ta Kanada cikin ƙarni na 21, aka kafa hujja da cewa masu tafiya cikin zamani ne suka yi ta tura al'amarin gaba.

Akwai ƙananan ɓaraka birjik. A fim ɗin 1982 Khan ya shaida fuskar Chekov, alhali ba a shigo da wannan tauraro cikin wasan ba sai bayan shirin Khan ya wuce.

Wadda ta fi ba da darasi ita ce ta jinsin Kilingon. A shekarun 1960 goshinsu sumul yake, don kuɗin kwalliya kaɗan ne. Daga fim ɗin 1979 sai aka gan su da goshi mai tudu da kwari. A 1996 reshen Deep Space Nine ya haɗa tsofaffin hotuna da sababbi, aka tambayi Worf, wanda ɗan jinsin ne, dalilin bambancin, ya nuna cewa magana ce da ba su yi da bare. Aka yi dariya, aka wuce. A 2005 kuwa reshen Enterprise ya kashe shiri biyu cur yana bayanin wata cuta da ta shafe tudun goshin. A ra'ayin wannan maƙala, amsar Worf ta fi. Ta amince da ɓarakar, ta kuma girmama hankalin mai kallo, wanda ya san sarai cewa kwalliya ce ta canza. Facin 2005 ya fi yagewar faɗi, ya mayar da wasa ya koma yi wa kansa sharhi.

4.0 Agogon Mai Kallo Bahaushe

Sauyin fuska bai cika damun Bahaushe ba. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, an yi ta muhawara a kan wadda ta fi iyawa, amma ba a nemi labarin ya ƙirƙiro wata cuta ko hatsari don bayyana sabuwar fuskar ba. Haka nan babu wanda ya ƙi Kwana Casa'in don ya shafe shekaru alhali sunansa wata uku ne.

Inda gizo yake saƙar shi ne, wasan Hausa yana da agogon da Star Trek ba shi da shi, ko da marubuci bai ambaci shekara ko ɗaya ba. Jigoginsa aure ne da saki da haihuwa da gado, kuma kowannensu yana da ƙidaya a shari'a da al'ada. Ciki wata tara ne. Suna ranar bakwai. Iddar saki tsarki uku a mazhabar Malikiyya, takaba wata huɗu da kwana goma, yaye kusan shekara biyu. Mafi ƙarancin cikin da ake jingina wa miji wata shida ne daga aure. Ga kuma kalanda biyu da suke tafiya tare ba su daidaita ba: azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har Sallar da aka nuna cikin hunturu a farkon dogon wasa ba za ta sake faɗowa cikin hunturu ba bayan shekara goma.

Saboda haka kuskuren lissafi a nan yakan sauya ma'anar labari. Idan marubuci ya sa an saki mace a shiri na 20, ya ɗaura mata aure a na 23, kuma a tsakani wata maƙwabciyarta mai tsohon ciki ba ta haihu ba, wani da ya tafi Kurmi sayen goro na mako biyu bai dawo ba, to ya ɗaura aure cikin idda bai sani ba. Matan da suke kallo a tsakar gida za su lissafa da yatsu, su yanke wa tauraruwar hukuncin da marubucin bai nufa ba. Haka idan yaron da yake wasa a matsayin ɗan shekara shida ya fara tsirar gemu alhali ƙanwarsa tana goye, tun da ɗan wasa yana girma da kalandar duniya, labari kuwa yana tafiya da tasa.

Dalilin aukuwar wannan a bayyane yake. Dogon wasa hannu da yawa ke rubuta shi, wani ya tafi wani ya zo, ana kuma ɗaukar fitowa-fitowa bisa ga wurin ɗauka da samuwar 'yan wasa, ba bisa jerin labari ba. Masu Star Trek sun daɗe da ajiye kundin jagora da ake ba sabon marubuci, har aka buga littafin jerin shekarun wasan a 1993, duk da haka ɓaraka ba ta ƙare ba. Kundin da wasan Hausa yake bukata ya sha bamban da nasu: na watannin Musulunci ne, da damina da rani, da ranar da aka furta kowane saki.