Waƙoƙin Kyanwa a Wayoyinmu: Wa Ya Saurari Kyanwar?

Duk mai riƙe da babbar waya daga 2020 zuwa yau, da wuya a ce bai ci karo da farar kyanwar nan mai kaɗa kai kusa da wani makaɗi ba. Makaɗin shi ne Bilal Göregen, makaho ɗan ƙasar Turkiyya, ƙaramar gangar da yake bugawa kuma ita ake kira darbuka. Waƙar da yake rerawa, Ievan Polkka, ta mutanen Finlan ce. Karinta tsohon karin gargajiya ne, Eino Kettunen ya ɗora masa baitoci a 1928, ƙungiyar Loituma ta sake rera ta a 1995, a 2006 kuma wani ya yanki guntunta ya haɗa da zanen wata yarinya mai juya ganyen albasa, ta zaga intanet. Ita kuwa kyanwar, daga wani bidiyo daban aka yanko ta aka liƙa. Ba ta taɓa zama wuri ɗaya da Bilal ba.

Haka waƙar gargajiya take tafiya tun asali: daga baki zuwa baki, kowa ya rage ya ƙara, har a manta wanda ya fara. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan aikin a buɗaɗɗiyar manhaja, inda kowa ke ɗaukar kwafi ya gyara ya saki nasa. Don haka waƙoƙin barkwanci da masoya dabbobi ke haɗawa sun cancanci a yi musu nazari kamar kowace waƙa. Mizanin da nake ganin ya dace da su guda ɗaya ne: shin mai waƙar ya tsaya ya saurari dabbar da ya sa a gaba, ko kuwa ado kawai ya yi da ita?

A wannan mizani, bidiyon farar kyanwa bai kai ba, duk da farin jininsa. Daɗin da ke cikinsa na hannun Bilal ne da muryarsa. Dabbobin da bincike ya tabbatar suna bin bugun kiɗa da jikinsu ba su da yawa. Wanda ya fi suna shi ne wani aku mai tukku da ake kira Snowball, wanda Aniruddh Patel da abokan aikinsa suka wallafa nazari a kansa a 2009. Kyanwa ba ta cikin wannan jeri. Kaɗa kan da muke gani an daidaita shi ne da kiɗan a wajen haɗa bidiyo. Da za a cire ta a sa ’yar tsana, babu abin da zai ragu a waƙar.

Tun kafin zuwan TikTok akwai masu irin wannan waƙa a Amurka. Masoya littattafan ƙagen kimiyya kan taru su ɗora sababbin baitoci a kan tsofaffin karuruwa, suna kiran abin filk. Sunan ya samo asali ne daga kuskuren buga rubutu a wata maƙala ta Lee Jacobs a shekarun 1950, inda harafi ɗaya ya sauya a kalmar Ingilishi mai nufin waƙar gargajiya, jama’a suka riƙe kuskuren. Daga cikin masu bin wannan layi akwai Marc Gunn, wanda a 2005 ya fitar da kundi mai suna Irish Drinking Songs for Cat Lovers. Ya ɗauki waƙoƙin da ake rerawa a mashayun ƙasar Ailan, ya cire mutum ya sa kyanwa. The Wild Rover, waƙar ɗan yawon da ya ƙarar da dukiyarsa a shaye-shaye yana alkawarin dainawa, ta koma Wild Kitty. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin abin dariyar, don ya san tuban muzuru, kaza a baki.

Babu muryar kyanwa a matsayin jagora a waƙoƙin Gunn, kalmomin duk na mutum ne. Amma dabarar tasa ba ta aiki sai ga wanda ya zauna da kyanwa ya san halinta: yawon dare, dawowa gida kamar ba a yi komai ba, mulkin da take yi wa mai ciyar da ita. Rauninsu shi ne sun jingina da tsohuwar waƙa. Wanda bai san ta asalin ba, rabin dariyar ya wuce shi.

Wanda ya fi kowa gwaninta a wannan fage shi ne David Scott na Afirka ta Kudu, da aka sani da The Kiffness. A 2021 ya saki Alugalug Cat. Ya ɗauki bidiyon wata kyanwa mai fitar da sauti kamar tana magana, ya raba allo biyu, ita a gefe shi a gefe. Ya gano saurin bugun da ke cikin kukan nata, ya yanke shi daidai gaɓa, ya sa yana maimaituwa, sannan ya riƙa ɗora kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya har da muryarsa yana yi mata amshi. Daga baya makaɗa daga ƙasashe daban-daban suka ɗora nasu. A nan kyanwa ce zabiya, mutum ɗan amshi. Karin waƙar daga maƙogwaronta ya fito, shi ya bi ta.

Sirrin aikin yana cikin maimaitawa. A 1995 Diana Deutsch, masaniyar halayyar ɗan Adam a jami’ar Kalifoniya da ke San Diyego, ta lura cewa idan aka yi ta maimaita guntuwar magana ba tare da sauya komai ba, kunne yakan fara jin ta kamar waƙa. Kunnen Bahaushe ma ya saba da makusancin wannan, tun da yana jin kirari a bakin kalangu alhali fata ce da tsarkiya kawai ke aiki. Scott ya yi amfani da wannan ɗabi’a ta kunne da kyau, kuma ya ba ƙungiyar kula da dabbobi ta SPCA wani kaso na kuɗin waƙoƙinsa na kyanwa.

Sai dai maimaitawar da ke mayar da kuka waƙa ita ce kuma ke goge ma’anarsa. Duk wanda ya taɓa jin muzurai biyu sun yi cirko-cirko a kan katanga da tsakar dare ya san dangin muryar da ake yawan amfani da ita a irin waɗannan waƙoƙi. Ba ita ce gajeriyar muryar da kyanwa ke roƙon abinci da ita ba, ba kuma gurnanin jin daɗin da take yi idan ta kwanta a cinya ba. Doguwar murya ce mai lanƙwasa da ke fita lokacin tsoro ko gargaɗi, sau da yawa kunnuwa a kwance, jela na kaɗawa. Ita ta fi kama da maganar mutum, don haka ita ta fi kawo masu kallo. A ji na farko kunne yakan gane cewa dabbar ba ta cikin natsuwa. A ji na ashirin, da ganga a ƙarƙashi, sai ƙafa ta fara motsi. Scott ya saurari karin sautin sosai, amma waƙar ba ta bar wa mai sauraro damar jin abin da kyanwar ke faɗa ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dandalin sada zumunta yana ƙara tura wa mutane duk abin da aka fi tsayawa a kalla, masu neman mabiya kuma suna kwaikwayon abin da ya karɓu. An ga haka a 2015, lokacin da aka yi yayin ajiye kokwamba a bayan kyanwa tana cin abinci don a ɗauki zaburar da za ta yi, har masana halayyar dabbobi suka fito suna jan kunne. Yaron da ya ga kukan tsoro ya tara miliyoyin masu kallo, ya san abin da zai yi wa kyanwar gidansu kafin ya danna kyamara.

Ƙarshen layin shi ne abin da ya cika wayoyi a 2024: hotunan wata ƙatuwar kyanwa mai ruwan lemo da ƙirƙirarriyar basira ta zana, tana shiga wahalhalu irin na fim, ana bin su da karin waƙar Billie Eilish ta fim ɗin Barbie da aka mayar kukan kyanwa. Ba a takura wa kowace dabba ba, wannan abin yabo ne. Amma babu wanda ya kalli kyanwa ta gaske kafin ya haɗa su. Mutum ne sanye da gashi, yana kukan mutum.

Akwai wanda ya juya tambayar ta ɗaya gefen. A 2015 Charles Snowdon na jami’ar Wiskonsin da makaɗi David Teie sun gwada kyanwoyi 47 da kiɗa iri biyu: na mutane, har da na Bach, da wanda Teie ya tsara a kan saurin gurnanin kyanwa da tsotson nono. Kyanwoyin sun fi karkata ga na biyun, suna matsowa kusa da lasifika. Kiɗan ba ya ba da dariya, ba kuma zai yi yayi kamar Alugalug Cat ba. Amma ya nuna cewa kyanwa tana da nata zaɓin.

Ba na cewa a daina dariya. Waƙar Scott tana da daɗi, hannun Bilal kuma ya cancanci duk yabon da ya samu. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne, kafin ya tura bidiyo na gaba zuwa zauren WhatsApp na ’yan uwa, ya kashe sautin na daƙiƙa goma ya kalli kunnuwan kyanwar da jelarta. Labarin zuciya a tambayi fuska, ko da fuskar mai gashin baki ce.