Zanen na'ura da randar da ta tsage

Wani yayi ya shigo binciken ɗaliban kimiyya a jami'o'inmu, kuma yana damuna ƙwarai. Ɗalibi zai ɗebo yumɓu a ƙauyensu, ya shanya, ya daka, ya ƙulla a leda ya aika Zariya ko Kaduna. A turo masa zanen na'urar FTIR mai tudu da kwari, ya liƙa a babi na huɗu, ya rubuta cewa akwai farar ƙasa da yashi a ciki, malami ya sa hannu. Wace mai ginin tukwane ce ba ta san haka ba tun lokacin da ta murza lakar da yatsunta?

Na'urar ba ta da laifi. Ƙwayoyin zarra da ke jere cikin ma'adini kullum kaɗawa suke, kuma kowane jeri da irin kaɗawarsa. In aka haska shi, hasken yakan fito da alamar wannan kaɗawa. Da jeri ya canza, alama ta canza. Amfanin aikin ke nan: a ga lokacin da abu ke juyewa.

C. V. Raman na Indiya ya gano tasa hanyar ta duba wannan kaɗawa da haske a Kalkata a 1928, ya karɓi kyautar Nobel a 1930. A 1940, shi da ɗalibinsa Nedungadi suka riƙa zafafa dutsen kwaz, wanda shi ne mafi yawan ƙwayar yashi, suna duba haskensa. Suka ga wani layi yana bajewa yana gusawa yayin da zafi ke hawa zuwa digiri 573 a ma'aunin Salshiyos. A daidai nan kwaz ke sauya tsari, ya kumbura farat ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, in ya huce kuma ya koma.

To wannan yashin ne ke cikin randa da tulu da kasko. Kusan a wannan zafin ne kuma, daga wajen digiri 450 zuwa 600, farar ƙasa ke rabuwa da ruwan da ke ɗaure a jikinta, ta yadda ba za ta sake zama laka ba. Abubuwa biyu ke faruwa a ƙuntataccen lokaci, cikin wutar kara da kashin shanu da babu mai auna ta. Da safe mai tukwane ta tone toka, ta ƙwanƙwasa kowace tukunya da yatsa. Mai lafiya ta amsa rau, tsagaggiya ta yi ɗif. Wahalar mako guda ke nan, kuma saurin hawan wuta ko saurin hucewa cikin iskar hunturu na daga cikin dalilai.

Shimfiɗar yumɓu da yashi da muke takawa daga Maruda har Kalgo, sunan Gwandu masana ƙasa suka sa mata. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na Kalgo, ga kuma ta Aliero tun 2006. Abin nazari yana bakin ƙofa.

Ni a ganina, a daina aika ƙunshi ɗaya ɗanye. A dunƙula lakar gida biyar, a gasa a tandar ɗakin gwaji a digiri 400, 500, 600, 700 da 800, sannan a aika duka. Layukan ruwan farar ƙasa, da ke fitowa kusa da lamba 3690 da 3620 a zanen, za su nuna inda suka ɓace. A haɗa da tsingaron da aka tsinto a wurin gashin mata masu tukwane, a gwada, a san inda wutarsu ta kai. Sauyin kwaz shi ba ya barin alama bayan hucewa, sai an auna shi da zafinsa, amma ana iya ƙirga tsagewa tsakanin wanda ya huce a hankali da wanda aka fitar da zafi.

Kuɗin ƙunshi shida ya fi na ɗaya, gaskiya ne. Sai malami ya haɗa ɗalibai uku a kan laka guda, su raba kuɗin, kuma su kai wa matan sakamakon da Hausa.