Awo Kafin Kwancewa: Gwanintar Masu Gyaran Kwamfuta a Kongo

Kongo, a Tudun Wadan Zariya, unguwa ce ta masu biro da takarda tun kafin kwamfuta ta zo ƙasar nan. A nan Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki take, wadda ta samo asali daga makarantar horar da akawuna ta 1947, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ga Tsangayar Shari'a, ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wadda yanzu ta zama jami'a, a maƙwabtaka. Inda ɗalibai da malamai suka taru haka, kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta hutawa, masu gyaranta ma ba sa zama banza.

Yawancin na'urorin da ake kawo musu tokumbo ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka Legas. Da zuwansu sai su haɗu da ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar NEPA mai hawa da sauka, da janareta, da cajar jabu. Gwanin mai gyara da wannan jerin yake zuwa kasuwa. Ba ya sayen na'urar gwaji don ya gan ta a bidiyon wani bature. Abin da yake tambayar kansa shi ne: wace cuta ce ta fi shigowa shagona, kuma wane abu ne zai nuna mini ita ba tare da na kwance sukuru ba?

Kafin kowace na'ura akwai tambaya. "Malam, yaushe ta fara? Ta faɗi ne? Ruwa ya taɓa ta? An kai ta wani wuri kafin nan?" Yana tambaya yana shinshina ramin fanka ko zai ji ƙauri, yana kallon yadda fitilar madannin manyan baƙaƙe ke ƙiftawa, domin a HP yawan ƙiftawar nan saƙo ne da ke nuna sashen da ya samu matsala.

Abu na farko da yake kashe wa kuɗi shi ne mita, wato na'urar auna wuta. A wajen saye ba ya kallon launi ko yawan rubutun jikinta. Sai ya murɗa ta zuwa wurin ƙara, ya haɗa bakin wayoyin biyu: in ta yi kuka nan take, ta ci jarrabawa, in sai ta yi nawa, zai ajiye ta, don mai bin layukan bod ɗaya bayan ɗaya ba shi da lokacin jira. Sai ya auna sabon batir da ita, ya ga ko tana faɗin gaskiya. Sannan ya nemi wayoyi masu tsini kamar allura, saboda ƙafafun da zai taɓa ƙanana ne, baki mai kauri zai haɗe biyu ya jawo sabuwar ɓarna.

Aikinta kuwa a jere yake. Caja tukuna: galibi ta HP da Dell ya kamata ta ba da bolt 19.5, ta Lenovo 20. In ta cika, sai ya bi wutar zuwa bakin da ake soka cajar, daga nan zuwa cikin bod, ya nemi bolt 3.3 da bolt 5 waɗanda galibi suke tsaye tun ba a danna makunni ba. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke riƙe agogo, bolt 3 ake so a gani. Duk inda lissafi ya yanke, nan ne zai tsaya. Dell ma tana da nata halin: siririn tsinken da ke tsakiyar bakin cajarta shi ke gaya wa kwamfutar ƙarfin cajar. In ya karye, ko cajar ta jabu ce, sai kwamfuta ta kama amma batir ya ƙi ɗauka, aiki kuma ya yi nauyi. Wanda bai sani ba sai ya sa a sayi sabon batir a banza.

Na biyu ita ce na'urar ba da wuta ta kan tebur, mai kai bolt 30 da amfiya 5, wadda ke nuna yawan wutar da kwamfuta ke ja. A nan ne kallon gwani yake da daɗi. Zai saita ta daidai da caja, ya ƙayyade iyakar wutar, ya jona, ya zuba wa lambobi ido. In suka yi tsalle zuwa iyaka tun bai taɓa komai ba, akwai shot. In ya danna makunni ba su motsa ba, matsalar tana sashen kunnawa. In suka hau suka tsaya amma sikirin bai kawo ba, sai ya koma kan ram, ko BIOS, ko sikirin ɗin kansa. Duk wannan cikin minti kaɗan, dalma ba ta narke ba.

Wajen gano inda shot ɗin yake, kyamarar gano zafi tana da kyau, sai dai kuɗinta zai iya cinye jarin ƙaramin shago. Sai ya zuba ɗan sifirit a inda yake zargi, ya tura wuta kaɗan, kamar bolt 1, cikin layin da ya yi shot. Ƙwayar da sifirit ya fara bushewa a kanta ita ce mai laifi. Tsohon katin gwaji mai nuna lambobi kuwa, wanda ya yi tashe zamanin manyan kwamfutocin tebur, bai dame shi ba, don yawancin na'urorin yau ba su da ramin da za a soka shi.

Na uku, kayan da ya tabbatar lafiyarsu ƙalau: caja, ram iri-iri, da sikirin na waje. Ya sa nasa ya cire naka. In ta tashi, magana ta ƙare.

Na huɗu bai fi ɗan yatsa ba, wato filash. Da Ventoy yake tara manhajoji da yawa a ciki: MemTest86 don tankaɗe ram, CrystalDiskInfo don karanta rahoton da diski ke ajiyewa game da lafiyarsa, HWMonitor don ganin zafi, da Linux da zai tayar da kwamfuta ba tare da Windows ba. In ta yi aiki sumul a Linux, ya san ƙarfen lafiya lau, manhaja ce ta rikice. Bai kuma raina gwajin da kamfani ya dasa a ciki ba: F12 a Dell, Esc sannan F2 a HP. Kusan duk waɗannan kyauta ne, sanin fassara abin da suka nuna shi ne mai tsada.

Akwai kuma wata 'yar waya da ba a rasa ta a aljihun teburinsa, mai haɗa diski da wata kwamfutar ta USB. A unguwar ɗalibai, firojet ɗin da ke ciki ya fi kwamfutar daraja. Don haka in diski ya fara ƙas-ƙas, ko rahoto ya nuna gargaɗi, ba ya wahalar da shi da dogon gwaji. Kwashe aikin mutane yake fara yi, gyara ya biyo baya.

Matashin da ke shirin buɗe shago, kada ya zuba jarinsa a na'urar da sai wata-wata za a kunna ta. Ya fara da mita ta ƙwarai, da filash, da kayan gwaji masu lafiya, sauran su zo daga ribar aiki. Kai kuma mai kwamfuta, in mai gyara ya ce maka "bod ne ya tafi" alhali bai ɗora mita ba, ka ce ya auna a gabanka. In ya ƙi, ɗauki kayanka ka nemi wanda zai auna.